Tsire da Zoɓo a Bayan A-kori-kura

Ƙarfe takwas na safe ba ta yi ba, ga ni tsaye a bayan wata a-kori-kura da farantin takarda a hannu. Wani dattijon Bature da muke aiki tare yana ta juya nama a kan murhun gas, hayaƙi na tashi ta ko'ina a filin ajiye motocin, sai ka ce washegarin babbar sallah. A watan Satumba na 2022 ke nan, a garin Ann Arbor na jihar Mishigan, ranar da na fara halartar abin da Amurkawa ke kira telget. Asalin kalmar sunan murfin bayan a-kori-kura ne, wanda akan sauke ya zama tebur. A hankali sunan ya koma kan al'adar kanta: ranar da za a buga ƙwallon ƙafar Amurka, mutane su yi sammako su mamaye filayen da ke kewaye da filin wasa, su kafa rumfuna, su kunna murhu, a yi ta ci da sha har lokacin take wasa.

A Ann Arbor lamarin ya wuce wasa. Filin jami'ar Mishigan, wanda suke yi wa kirari da Babban Gida, yana cin mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a faɗin Amurka, alhali mutanen garin duka ba su wuce 120,000 da 'yan kai ba. Ranar Asabar ɗin wasa harabar sakandaren Pioneer da ke tsallaken titi cika take da motoci, haka filin golf na jami'a, har ciyawar ƙofar gidajen mutane haya ake ba da ita. Kowa cikin shuɗi da ruwan ɗorawa, kalar jami'ar.

Da na leƙa teburin rumfarmu sai jikina ya yi sanyi. Ga tsiran alade mai kauri da suke fara dafawa cikin giya da albasa kafin su gasa, ga haƙarƙarin alade, ga wake mai zaƙi da aka dafa da gutsattsarin naman alade. Ganyen salak ɗin ma da na sa wa rai, an barbaɗa masa soyayyen alade a sama. Bogar naman sa kuwa a raga ɗaya ake gasa ta da sauran. Sai na ja da baya zuwa ƙarshen tebur, inda babu abin shakka: soyayyen dankali na leda, narkakken cuku, biskit, kek ɗin cakulan, donot, da kula cike da lemon gwangwani cikin ƙanƙara. A nan na yada zango har kakar wasan ta ƙare.

Abin dariyar, gani nake ni ne mai kamun kai a wurin. Ba na shan giya, ba na taɓa nama, in an tambaye ni sai in ce ai ba na cin komai, 'yan taɓe-taɓe ne kawai. Amma wasan rana ƙarfe sha biyu ake take shi, mu kuma tun takwas muna can. Awa huɗu mutum na tsaye yana hira, kwano na kusa da hannunsa, ba faranti ba balle ya ga ƙarshensa ya san ya ci. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

A Disamba na je duba lafiyar shekara. Likitar ta juyo mini da allon kwamfuta. Gwajin da suke kira A1C, mai nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku da suka wuce, ya ba da 6.1. Ta ce daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofa, da ya kai 6.5 ya shiga ciwon suga. Awon jinina ma ya haura 130 bisa 80. Ba zan ɗora wa 'yan Asabar ɗin nan laifin komai ba. Mahaifina da ciwon suga ya rasu, aikina kuma na zaman kujera ne. Sai dai da ta ce in lissafa mata abin da nake sha, na zo kan ranar wasa, bakina ya yi nauyi. Gwangwani huɗu, wata rana biyar. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai cin mililita 355 yana da giram 39 na sukari, a jikinsa ma aka rubuta, ni ne ban taɓa juya shi na karanta ba. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ta ce kada ƙarin sukarin da namiji zai sha a yini ya wuce giram 36. Ke nan gwangwanin farko ya cinye mini rabon yini tun kafin tara na safe. Ɗabi'ar kuma ta biyo ni gida, don tun Oktoba nake sayo katan ina ajiyewa a gareji.

Da na kai wa uwargida labari ta daɗe tana kallona. "Malam, ba kai ne kake dawowa kana cewa yunwa ka sha wurin Turawan nan ba, har in tashi in ɗumama maka tuwo?"

Gyaran cin gida bai yi wuya ba, tunda tukunya a hannunta take. Inda gizo ke saƙa shi ne Agustan 2023, da dattijon ya tsaya a bakin ofishina ya ce, "Abokina, wasa bakwai muke da su a gida bana, na ajiye maka kujerarka." Na so in nemi uzuri. Amma mutumin nan shi ne ya zo da injinsa ya share mana dusar ƙanƙara a hunturunmu na farko ba tare da an roƙe shi ba. Kuma a ƙasar da maƙwabci zai shekara bai yi maka sallama ba, rumfar nan kaɗai ta yi mini kama da majalisar ƙofar gida a Zariya: a zauna, a yi musu kan abin da ba zai amfani kowa ba, a tsokani juna, a tashi. Ban ga dalilin da zai sa donot ya raba ni da ita ba. Na ce zan ci gaba da zuwa, amma da guzurina.

Shiri tun Alhamis yake farawa. In na tashi aiki sai in hau babbar hanyar I-94 zuwa Dearborn, tafiyar kamar minti arba'in, inda titin Warren ke cike da shagunan Larabawa da mahauta masu yankan halal. Cinyar kaza nake saya wadda aka zare wa ƙashi. Na gwada ƙirji sau ɗaya, ya bushe a wuta kamar kwali. A gida mu cire fata, mu yanke kitsen da ke maƙale, mu yayyanka ta falle-falle yadda mai tsire yake yi. Wani ɗan'uwa ɗan Nijar da muke haɗuwa a masallaci ya ce me zai sa in wahalar da kaina, ga sosej na naman sa na halal nan birjik, in saya in jefa a wuta kamar kowa. Na ɗauki leda ɗaya na juya bayanta, na ga gishirin da ke cikin guda ɗaya, na mayar. Tun 2015 ma reshen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama irin wannan cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji. Yankan Musulmi ya halatta shi, amma bai cire masa gishiri ba.

Rigima mafi tsawo a kan yaji aka yi ta. Ina da kwalbar yajin tsire da Hajiya ta aiko mini daga gida, wanda nake ji da shi kamar zinare. Uwargida ta ce ta sha tsayawa a bakin turmin da ake daka shi: ƙuliƙuli, citta, barkono, sai gishiri da sinadarin dunƙule tuli. Ta ɗauko kwalin dunƙulen ta nuna mini jerin abin da ke ciki, gishiri ne a farko. Iyakar da hukumomin lafiyar Amurka suka sa ita ce miligiram 2,300 na sodiyam a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da sauransu. Na fara gardamar cewa abincinmu na gida ba ruwansa da wannan lissafi, na Turawa ne mai illa. Ba ta ko tanka ba, ta lakato yajin ta ɗora mini a harshe.

Sai muka haɗa namu. A manyan kantuna ana sayar da garin gyaɗar da aka matse wa mai, wanda in ka duba dakakken ƙuliƙuli ne a roba mai tsada. A dai nemi wanda ba a zuba wa sukari ba. Muka haɗa shi da garin citta, tafarnuwa, tattasai, barkono, masoro, kanumfari kaɗan, da cokali ɗaya na garin daddawa a madadin dunƙule. Gishiri rabin ƙaramin cokali ga naman mutum shida. A shafa wa naman lemon tsami da ɗan mai, a birkiɗa shi cikin yaji, ya kwana a firji. Da na gaya wa Hajiya ta waya sai ta yi salati. "Ɗan nan, yaji ba dunƙule ba gishiri, to me ya rage, ƙasa?" Na ce ta yi haƙuri, likita ce ta hana. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma tambayar yara.

Zoɓo ba ya wuyar samu: Larabawa na sayar da shi da sunan karkade, 'yan Meziko na kiransa hamaika. Daren Juma'a ake dafa shi da ɗanyar citta da kanumfari da ɓawon abarba. Karon farko ba mu sa masa komai ba, ya yi tsamin da sai da haƙorana suka mutu. Daga baya muka riƙa markaɗa yankan abarba biyu cikin lita uku. Abarba ma sukari ce, na sani, amma tsakaninta da abin da ake juye wa zoɓon biki akwai tafiya. Gora biyu nake daskararwa su yi mini aikin ƙanƙara a kula, kafin sha ɗaya sun narke sun zama abin sha.

Kula biyu nake ɗauka, wannan kuma daga matar dattijon na koya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ɗaya ta ɗanyen nama, a rufe ruf, ba a buɗe ta sai za a ɗora a wuta. Ɗayar ta abin sha da ganye, don ita kowane minti biyar sai wani ya buɗe. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka a bakinta take kamar karatun allo: mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 40 a ma'auninsu na Faranhait, wato 4 a namu, mai zafi sama da 140, wato 60, abin da ya yi awa biyu a tsakanin nan a zubar, in kuma zafin gari ya haura 90, wato 32, awa ɗaya ce. Da farko dariya abin ya ba ni, mu da muka tashi muna cin tsiren da ya yini a takarda. Amma naman sa da ya sha wuta ya bushe a iskar Zariya daban, kazar da ke gumi cikin roba a bayan mota daban.

Wasan farko ranar 2 ga Satumba aka yi shi. Dattijon ya kankare gefe ɗaya na ragar murhunsa, ya shimfiɗa mini takardar alminiyam ninki biyu. Na jera tsinkayena, waɗanda na jiƙa a ruwa tun asuba don kada su kama da wuta. Ba a yi minti biyar ba na ga ya miƙo awartakin da yake juya tsiran alade da shi zai taya ni. Na riƙe hannunsa, muka yi dariya, amma raina bai kwanta ba, don maiƙo bai san iyakar takarda ba.

A ranar na ga amfanin ɗan ma'aunin zafin nan mai tsinke da ake sokawa cikin nama. Garin gyaɗa saurin soyuwa gare shi. Kafin ka ankara bayan nama ya yi ja, ido ya ce ya nuna. Na soka ma'auni a yanka mai kauri, ya tsaya a 140 da 'yan kai, alhali kaza sai ta kai 165, wato 74 a namu. Na rage wuta, na matsar da tsinkayen gefe, na rufe murfi na ƙara musu minti biyar.

Ƙamshi ya janyo mutane har daga rumfar maƙwabta. Ina cikin yanka albasa da tumatir ina jin kaina, sai ga jikan dattijon, ɗan shekara shida, ya miƙo hannu. Uwarsa na bayansa ta tambaye ni me aka barbaɗa a kai. Na buɗe baki da alfahari na ce gyaɗa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Ta fizge hannun yaron ta ja shi baya, ɗaya hannun nata ya riga ya shiga jaka. Ashe jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ɗan ƙanƙanin abu na iya toshe masa numfashi, duk inda za su da allurar gaggawa take yawo. Bai taɓa ba, Allah ya kiyaye. Amma aka kwashe duk abin da ya kusanci tirena, har awartakin kakan sai da aka wanke da sabulu. Ni da na zo ina tsoron kada maiƙonsu ya taɓa namana, ban taɓa kawowa a raina cewa yajina ne zai iya kai wani asibiti ba. Kunya ta hana ni cin abin kirki ranar. Daga baya na lura dokar ƙasar ta tilasta a bayyana abinci iri tara a jikin kowace leda saboda masu irin wannan lalura, gyaɗa na ciki, riɗi ma an ƙara shi daga Janairun 2023. Rabin abin marmarinmu ke nan.

Kafin Asabar ta zagayo na sayi ɗan murhun gas na tafi-da-gidanka da tebur mai naɗewa. Na kafa su a ɗaya gefen motar, na naɗa wa awartakina jan salatif, na rubuta "akwai gyaɗa" da manyan baƙaƙe a kwali na jingina. Muka kuma yi yarjejeniya da dattijon: duk makon da jikan zai zo ya faɗa mini tun Laraba, in bar gyaɗa a gida gaba ɗaya, in jiƙa kazar cikin yogot marar zaƙi da tafarnuwa da citta. Ko a hakan uwar da abincin ɗanta take zuwa. Ban ga laifinta ba, tunda wuƙa ɗaya da katako ɗaya muke amfani da su a kicin ɗinmu.

Faɗuwata ta zo a wasa na uku, 16 ga Satumba, wanda aka sa ƙarfe bakwai da rabi na dare. Tun biyu na rana muna fili. Na zo da tsinke ashirin, ban ci abincin rana ba wai ina tanadin ciki. Kafin uku da rabi babu ko ɗaya. Kowa ya zo ɗanɗanawa, ni kuma ba zan iya hana mutum abinci ba, uku kacal na samu. Wajen biyar yunwa ta fara murɗa ni. Ga kujerata dab da tebur, ga donot mai barbaɗen sukari da kirfa da ruwan tuffa, waɗanda 'yan Mishigan ba sa yarda kaka ta shigo sai sun gan su. Na ce rabi kawai. Ban san adadin da na ci ba, na dai san na bi da gwangwani biyu. Da na koma gida uwargida ba ta tambaye ni komai ba, ta kai hannu ta kakkaɓe sukarin da ke gaban rigata ta wuce ɗaki.

Tun daga nan na daina fita da yunwa: ƙwai biyu da alale kafin in kunna mota. Na ninka tsire, kuma kafin in ajiye tire sai in cire rabona in rufe a ƙaramar kula mai riƙe zafi. Na ɗauke kujerata na mayar da ita can wajen talabijin, na ba tebur baya. In zan ci sai in zuba a faranti, rabinsa ganye, in zauna in cinye in jefar da farantin. Dabarar da ta fi yi mini aiki kuwa ita ce mafi ban dariya: kofin zoɓo a hannun dama. Ba a koya mini ci da hagu ba, ko a mafarki hagu ba ta shiga kwano. Muddin dama na riƙe da kofi, dankalin leda ya tsira daga gare ni. In zama ya yi tsawo sai in ja wani mu zaga da ƙafa mu kalli 'yan badujalar jami'a suna wucewa.

Ganyen da ke cika rabin farantin kwaɗo ne. Salak ɗinsu na kabeji da na dankali cikin mayonis suke iyo. Ni kuwa in yanka kabeji da karas da kokwamba da jar albasa tun dare in zuba a leda, garin ƙuli da barkono a wata 'yar roba, lemon tsami biyu a aljihu, sai an zo ci in kwaɗa, don in ya jima a kwaɗe ruwa yake saki. Makon da babu gyaɗa wake nake dafawa, irin namu fari mai baƙin ido, ya nuna amma bai farfashe ba, in haɗa da tattasai da tumatir da masara. Wata mata daga rumfar kusa ta ɗanɗana ta ce ai wannan abincin Teksas ne. Na bar ta a kan haka. Waken dai daga Afirka ta Yamma ya tsallaka can a jiragen bayi, amma safiyar Asabar ba lokacin wannan hira ba ne. Donot kuma ban daina ci ba, kada in yi ƙarya. Ɗaya nake ɗauka bayan na ƙoshi, in ci a zaune da shayi marar sukari.

Da Nuwamba ta shigo lissafi ya juye. Sanyi ke sandarar da tsire kafin ya kai baki, zoɓo mai ƙanƙara ba mai kallonsa, jiki kuma sai neman maiƙo da zaƙi yake. A nan farfesu ya shigo. Uwargida ce ta kawo dabarar dafa shi tun Juma'a da rana, naman akuya da citta, tafarnuwa, kimba, masoro, attaruhu da daddawa, in ya sha iska a sa a firji. Da safe kitsen ya taru a sama ya daskare fari fat kamar kyandir, sai a sa cokali a ɗebe shi gaba ɗaya. Ranar farko da na ga yawan abin da aka kwashe na yi shiru, ina tuna kwanukan farfesun da na shanye a rayuwata har da suɗi. A sake tafasa shi, a zuba tafasasshen ruwa a babban filas ya yi minti goma ya ɗau zafi, a juye, sannan a zuba farfesun. Haka yake kaiwa azahar yana turiri. Zoɓon ma da zafinsa na koma kawo shi.

Ranar 25 ga Nuwamba aka yi wasan da garin ke jira duk shekara, wasa da jami'ar jihar Ohayo, abokan gabar da ko sunansu wasu ba sa son furtawa. Kowanne ya ci wasa 11 ba a doke shi ba. Kocin Mishigan na lokacin, Jim Harbaugh, yana cikin dakatarwa, mataimakinsa Sherrone Moore ne ya ja ragama. Tikiti ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, dattijon kuma ya ba ɗansa da surukarsa nasa saboda ciwon gwiwa, sai mu kusan goma muka zauna a rumfa gaban talabijin da ɗan janareta, kowa ya naɗe cikin bargo. An bar jikan a gida saboda sanyi, don haka tsire da cikakken yajinsa na yi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na zaga bayan mota, na yi alwala da ruwan ɗumi daga ƙaramin filas, na shimfiɗa kwali na yi azahar, yatsun ƙafata kamar ba nawa ba. Na dawo na tarar dattijon ya zuba farfesu a kofin takarda karo na biyu, hular sanyinsa a hannu, zufa na tsattsafo masa a goshi. Matarsa ta ce in lissafa mata abin da ke ciki. Na rasa yadda zan bayyana mata daddawa, na ce ƙwayar wata bishiya ce da ake bari ta ruɓe da gangan. Ta ce to kada in ƙara bayani.

Talabijin ɗinmu yana bayan filin da 'yan daƙiƙoƙi, don haka kunne ke fara ji kafin ido ya gani. A minti na ƙarshe, Mishigan na gaba da 30 da 24, Ohayo na riƙe da ƙwallo suna matsowa, sai muka ji wuri ya ɗauka da ihun mutum fiye da 100,000, alhali a allonmu ba a ma jefa ƙwallon ba tukuna. Sai bayan nan muka ga ɗan bayan Mishigan ya cafke ta. Wani ya rungume ni har zoɓon da ke hannun damana ya kife a kan takalmina.

Mako biyu bayan nan na koma wurin likita. A1C ya sauko zuwa 5.8. Ta ce har yanzu ina bakin ƙofar, in dawo bayan wata shida, in kuma ƙara rage gishiri don jinin bai sauka yadda take so ba. Ina fitowa saƙon dattijon ya shigo wayata, wai yana son kwalba ɗaya ta yajin nan zai gasa talotalo a Kirsimeti. Na rubuta masa, jikan fa? Ya ce wurin dangin uwarsa za su yi bikin bana. Daren nan muka haɗa masa. Uwargida ta yanko farar takarda ta rubuta "akwai gyaɗa" ta manna a murfi, ta sake rubuta wata ta manna a gefe, ta ce in gaya masa ya ajiye a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa.